Kafin a sayo gem don cibiyoyin koyon sana'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka domin mu tofa albarkacin bakinmu kan wata magana da ta fara yawo a bakin masu shirya horon sana'a, wai a shigo da wasa, har da gem ɗin kwamfuta da na waya, ko matasa sa daina gudun aji. Iyaye da yawa in suka ji haka ransu ɓaci yake yi, don abin da suka sani game da gem shi ne yaron da aka aika cefane ya maƙale a shagon PS har magariba. Dillalan na'urori kuma nasu bakin daban ne: a wurinsu da an ɗaura wa yaro gilashin nan na kwamfuta a fuska, shi ke nan ya zama injiniya. Mu abin da muka sani shi ne wasa yana koyar da aiki, amma abin da aka ɗora wa maki kaɗai yake koyarwa. In makin yana kan motsin hannun da sana'ar take buƙata, an ci riba. In yana kan wani abu dabam, to wancan abin ne ɗalibi zai ƙware a kai.

Abin ya daɗe. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, a garin Binghamton, ya haɗa wani akwati mai siffar ƙaramin jirgin sama, ya ɗora shi kan zugazugai irin na kayan kiɗan da masana'antar mahaifinsa take ƙerawa. Mutum ya shiga, a rufe shi, ya yi tuƙi da kallon agogunan gabansa kawai. Da farko masu wuraren shaƙatawa ne suka fi saye, mutane na biya suna hawa don nishaɗi. Sai a 1934 aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa fiye da goma suka halaka cikin ɗan lokaci, ga mugun yanayi ga rashin sabo da tuƙi cikin hazo da duhun dare. Nan soja suka sayi akwati shida, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da 10,000. Akwatin bai yi kama da sararin sama ba ko kaɗan. Abu ɗaya yake cusa wa matuƙi, ya yarda da agogo ko da jikinsa yana gaya masa jirgin a miƙe yake alhali ya karkace. Har gobe da jikokin wannan akwati ake horar da matuƙa, har a kwalejinmu ta koyon tuƙin jirgin sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Inda aka fi auna lamarin da idon basira shi ne wajen likitocin tiyata, musamman tiyatar da ake yi ta ƙananan huji ba tare da an tsaga ciki ba. Wahalar wannan aiki ta hannu ce da ido. Likita ba ya kallon abin da yake yankawa, allon talabijin yake kallo, allo kuma shafaffe ne, ba ya nuna zurfi. Kayan aikin dogaye ne, sun haura santimita 30, suna ratsa fatar ciki ta wani siririn bututu, wurin da suka ratsa ya zama kamar tsakiyar sikeli: in ka kai hannu dama bakin almakashin hagu zai yi, in ka danna ƙasa ya yi sama. Ga shi yatsa ba ya taɓa nama balle ya ji taushi ko tauri.

A 2007 Dokta James Rosser da abokan aikinsa na asibitin Beth Israel da ke New York suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa likitoci 33. Waɗanda suka taɓa sabawa da buga gem fiye da awa uku a mako sun fi waɗanda ba su taɓa bugawa ba sauri da kashi 27 cikin 100, kuskurensu kuma ya ragu da kashi 37. Wannan adadi ne dillalai suka fi son karanto wa mutane. Abin da ba sa ƙarawa shi ne a kan akwatin gwaji aka auna su, ba a jikin marar lafiya ba, mutum 33 kuma ba yawa ba ne, sannan babu wanda ya raba ko gem ɗin ne ya gyara musu hannu ko kuwa masu hannu mai kyau ne tun asali suka fi son gem. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ta riga ta fito tun 2002 daga Jami'ar Yale. An raba likitoci masu neman ƙwarewa 16 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka horar da su a na'urar kwaikwayon tiyata har suka kai makin da aka yanka musu, sannan duka suka yi aikin cire matsarmama a jikin marasa lafiya na gaske a gaban manyansu. Waɗanda suka bi ta na'ura sun fi sauri da kashi 29, kuskuren ɗaya rukunin kuwa ya ninka nasu wajen sau shida. Bambancin a fili yake: na'urar Yale motsin tiyata take ba wa maki.

Daga irin wannan aiki aka fitar da jarrabawar da ake kira FLS, mai auna ƙwarewa a tiyatar ƙananan huji, wadda tushenta yake Jami'ar McGill ta Kanada, kuma tun 2009 hukumar da ke ba likitocin tiyata shaidar ƙwarewa a Amurka ta wajabta ta. Wasanni biyar ne a cikin akwati, da agogo da maki. Za mu tsaya a kan na farko, domin duk asibitin koyarwa zai iya haɗa irinsa da kayan kasuwa.

A sami akwatin roba ko na katako wanda ba a ganin cikinsa, tsawonsa wajen santimita 40, faɗi 30, zurfi 20. A huda murfin wuri biyu, tazarar kamar taƙi guda a tsakani, a liƙa guntun robar tayar mashin a kowane huji, a tsaga ta kaɗan yadda kayan aiki zai shiga ya riƙa juyawa ba tare da ya yi lako-lako ba. A tsakiya, ta gefen mai aiki, a kafa ƙaramar kyamarar kwamfuta tana kallon ƙasa a karkace, a sa fitila ƙarama a ciki. A ƙasan akwatin a kafe allo mai ƙusoshi 12, shida hagu shida dama, a zura zobban roba shida a ƙusoshin gefe ɗaya. Wasan shi ne: ka ɗauki zobe da hantsakin hannun da ba shi ne ka fi amfani da shi ba, ka miƙa wa ɗaya hantsakin a sama ba tare da ya taɓa ƙasa ba, ka zura shi a ƙusar ɗaya gefen. In shidan sun haye, ka dawo da su ta hanyar da suka zo. A jarrabawar, daƙiƙa 300 ce iyaka. Matakin gwaninta kuwa daƙiƙa 48 ne ba tare da zobe ya faɗi inda kyamara ba ta gani ba, a yi haka sau biyu a jere, sannan a sake kai wa wannan mataki sau goma. Wasa na biyu yanke da'irar da aka zana a bandeji ne, ba a yarda almakashi ya kauce wa layi da fiye da milimita 2 ba, gwani yana gamawa a daƙiƙa 98.

Ga inda ake ɓata shi. In aka haɗa waya da talabijin ta iska maimakon igiya, hoto yakan makara da ɗan ƙiftawar ido, sai ɗalibi ya koyi jiran hoto, ya saba da wani irin taku da babu shi a ɗakin tiyata. Kyamarar da ke neman hoto da kanta takan yi dishi-dishi duk lokacin da ƙarfe ya gifta, don haka a kulle ta wuri ɗaya. In akwatin fari ne garau ana hangen ciki, wallahi sai ɗalibi ya leƙa, komai gaskiyarsa, kuma da ya leƙa ya zubar da darasin zurfi baki ɗaya. Tebur in ya yi tsawo kafaɗa ce za ta ɗauki aikin, minti goma ta gaji, hannu ya fara rawa. Mariƙin kayan aiki ya tsaya daidai gwiwar hannu, allo kuma ya fuskanci mutum sosai. Babban kuskuren dai yana wajen lissafi. In agogo kaɗai ake dubawa, za ka ga ɗalibi yana fizgar zobe yana jifa, yana murna ya karya tarihin aji. Shi ya sa masu jarrabawar suke cire lokacin da ka ɓata daga iyakar da aka yanka, sannan su sake cire tara a kan kowane kuskure. Mai gaggawa da ɓarna ba ya cin mai natsuwa.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen likitoci ne. Masana'antun ɗinki sun daɗe suna fara horar da sababbin ma'aikata da wasa a kan takarda, kuma kowane tela mai yara a shago zai iya yi gobe da safe. A zare zaren sama, a cire kwarkwaro, a sa tsohuwar allura, don takarda tana dakusar da baki. A daidaita keke ya riƙa yin ɗinki 10 zuwa 12 a inci ɗaya. Takarda ta farko layuka ne miƙaƙƙu, tazarar santimita ɗaya. Yaro ya bi layi, allura tana huda takarda, in ya gama a ɗaga ta a rana a ƙirga hujin da ya kauce wa layi da fiye da milimita ɗaya. Wannan ƙidaya ita ce makinsa, ya rubuta da hannunsa a bayan takardar da kwanan wata. Ba ya hawa takarda ta biyu sai ya kawo uku a jere masu kuskure ƙasa da biyar. Ta biyu kusurwoyi ce: ya tsaya allura tana ƙasa, ya ɗaga ƙafar da ke danne yadi, ya juya, ya sauke, ya ci gaba. Ta uku lanƙwasa ce, da'ira cikin da'ira kamar gammo.

Wannan wasa yana da ramuka uku da ya kamata maigidan shago ya sani. A keken ƙafa, babban abin da sabon yaro yake fama da shi shi ne kada ƙafafunsa su mayar da wilin baya, domin da zare a jiki nan take yake cukurkuɗewa ko ya tsinke. A takarda kuwa babu zare, wili ya koma baya sau ashirin ba abin da zai nuna. Dole a tsayar da wani yaron a gefe yana ƙirga komawar, kowace ɗaya a lissafa ta kuskure biyu. Na biyu, layin da aka zana yana koya wa ido kallon allura, alhali tela na gaske gefen yadi yake kallo yana daidaita shi da alamar da ke jikin farantin keke. Maganinsa takarda ta huɗu ta zama fara fat babu zane, a ce ya yi ɗinki santimita ɗaya da rabi daga baki, a auna da tef. Na uku, takarda ba ta miƙewa kuma falle ɗaya ce. Yadi biyu in aka haɗa, haƙoran keke sukan ja na ƙasa fiye da na sama, a kai ƙarshe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wannan ba a koyonsa a takarda, haka ma ɗaurin zare. Saboda haka kwana uku zuwa biyar sun isa, daga nan a koma ƙyallayen atamfa da ke zube a ƙasan tebur, da irin wannan ƙidaya, sannan shadda, sannan yadi mai santsi. Yaron da aka bari wata guda a takarda zai zama zakaran takarda.

Gem ɗin da ake tallatawa da sunan wasa ƙwaƙwalwa ba za mu ɓata masa tawada da yawa ba. A 2010 mujallar Nature ta buga gwajin da aka yi tare da BBC a kan mutum 11,430 na tsawon mako shida. Sun ƙware a wasannin da suka buga, amma ƙwarewar ba ta haye zuwa wasu ayyukan ba, har masu kama da su. A 2016 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta karɓi dala miliyan 2 daga kamfanin da ke da irin wannan gem mai suna Lumosity kan tallan da ba shi da hujja. Mu ma a nan gida mun san gwanin dara bai zama gwanin lissafin kanti don darar ba.

Sai batun zaburarwa, wanda shi ne ya fi ruɗin masu shirya horo. Gaskiya ne wasa yana riƙe mutum, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ka san abin da ake nema, kana ganin sakamako nan take, wahalar tana hawa daidai ƙarfinka, in ka faɗi kuma ba wanda ya mutu, ba yadin kowa da ya lalace, sai ka sake. Waɗannan huɗun su ne naman. Lambar yabo da kyauta da allon gwanaye romo ne, kuma romon yakan ƙona baki. A 1973 Mark Lepper da abokansa suka gwada yara 'yan shekara uku zuwa biyar a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford, yaran da dama can suna son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu aka ba su ba zato, wasu ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye alƙaluman ba tare da alkawarin komai ba, sai waɗanda aka yi wa alkawari suka yi zanen wajen rabin lokacin da sauran suka yi. An mayar musu da abin sha'awa aikin lada, da lada ta tsaya sai hannu ya tsaya. A 2015 ma wasu malaman Jami'ar Jihar Ohio sun kwatanta aji biyu na tsawon mako 16, ɗaya da allon gwanaye da lambobin yabo, ɗaya babu. Ajin da aka ƙawata ne sha'awarsa ta ragu, makinsa na jarrabawar ƙarshe ma ya fi ƙasa.

Allon gwanaye mutum biyar na sama yake yi wa aiki. Na talatin da biyu ya duba sau biyu ya ga ba shi da ranar kamo su, sai ya fara makara, sai ya daina zuwa. A wurin aiki abin ya fi muni. A 2011 jaridar Los Angeles Times ta ba da labarin masu wanki a otal-otal ɗin Disneyland da ke Kalifoniya, inda aka kafa manyan alluna masu nuna saurin kowa da sunansa. Ma'aikatan suka raɗa wa allon suna bulalar lantarki, wasu har suna fasa zagayawa bayi don kada makinsu ya sauka. Abin da ya fi shi ne kowa ya yi tsere da makinsa na jiya. In ana son gasa, a yi ta rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar, a gauraya masu ƙarfi da masu rauni, a lissafa yawan ci gaban da rukuni ya samu a mako, a goge allo duk Asabar kowa ya fara daga sifiri. Da haka gwani yake juyowa ya kama hannun na baya, don makinsa a wuyan wancan yake.

Manhajojin kacici-kacici na aji irin su Kahoot suna da daɗi, amma a tsarinsu na asali wanda ya riga danna amsa daidai ya fi maki. Wannan ba laifi wajen bitar sunayen kayan aiki. Wajen lissafin adadin maganin yaro, ko kaurin wayar da za ta ɗauki wutar gida, koya wa ɗalibi riga-riga ganganci ne; a rubuta makin a takarda, a ba wa amsar da ta zo da lissafinta. Kuma ko da wasa kada a bari kuɗi ya shiga tsakanin 'yan wasa. Ranar da aka ce kowa ya ajiye ɗari biyu wanda ya ci ya kwashe, an koma caca, kuma iyaye suna da gaskiya in sun janye 'ya'yansu.

Lokaci ma yana da ƙa'ida. A 2006 aka gwada likitoci 38 a Toronto kan ɗinkin ƙananan jijiyoyin jini. Rabi suka yi darasi huɗu a yini ɗaya, rabi suka yi darasi ɗaya duk mako har mako huɗu. Bayan wata guda, 'yan mako-mako ne suka fi riƙe aikin. Wannan ya kamata ya ba masu shirya bitar kwana biyu a otal kunya. Minti 20 zuwa 30 a rana, kwana huɗu ko biyar a mako, ya fi a kwana a kan akwati ranar Lahadi. In makin ɗalibi ya fara sauka sau uku a jere, gajiya ce, a tashe shi. Iyakance lokacin yana kuma kwantar wa iyaye hankali, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta a 2019.

Roƙonmu ga hukumomin da ke da hannu a horon sana'a, irin su ITF da ke Jos da NBTE da ke Kaduna, da gwamnatocin jihohi masu buɗe cibiyoyi, shi ne duk dillalin da ya kawo na'ura a zaunar da shi a tambaye shi me take ba wa maki. In ta walda ce, ya nuna tana auna karkatar sandar walda, da tazarar bakinta da ƙarfe, da saurin jan hannu, sannan sandar tana gajarcewa yadda ta gaske take ƙonewa, domin bin wannan gajarcewar da hannu shi ne rabin aikin. A tambaye shi ina ake samun kayan gyaranta, wa zai gyara, tana aiki ba intanet, awa nawa take yi in an ɗauke wuta. Kafin a sa hannu a takardar saye, a karɓi guda ɗaya aro, a raba ɗalibai ashirin gida biyu da ƙuri'a, goma su bi ta na'ura goma su bi ta hanyar da aka saba, awoyinsu daidai. Bayan mako huɗu kowa ya yi walda a ƙarfe na gaske, a rubuta lamba a jikin kowane guntu maimakon suna, a kira tsohon mai walda daga cikin gari wanda bai san waye a wane rukuni ba, ya lanƙwasa su a matsi ya ware waɗanda suka tsage.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu malaman horon sana'a da aikin asibiti,
Kaduna.